Ku Tambaya Mu Amsa: Fatsar Manyan Kifaye a Tsakiyar Teku

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru a kan batu guda, tun bayan da bidiyon wani mutum ɗaure a kujera cikin jirgin ruwa, yana kokawa da kifi mai dogon baki kamar mashi, ya riƙa yawo a wayoyin mutanen Sakkwato. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya ta farko, daga wani Alhaji, ɗan kasuwa a Tsohuwar Kasuwa: "Abokan cinikina na Legas sun gayyace ni mu haɗa kuɗi mu yi shatar jirgin ruwa, mu shiga teku kamun kifi na yini guda. Kuɗin da suka faɗa mini ya isa in sayi kifin da gidana zai shekara yana ci. Mene ne ainihin abin da ake biya wa wannan kuɗi?"

Alhaji, lissafinka daidai yake, kuma duk wanda ya shiga wannan harka da niyyar mayar da kuɗinsa ta hanyar kifin da zai kamo, to ya yi asara tun bai bar gaɓa ba. Abin da ake saya shi ne yini guda na jirgi, da man da zai sha, da kayan fatsa, da sanin kyaftin da yaransa game da inda kifi yake. Tsarin bai bambanta da shatar mota ba: ko dai ku ɗauki jirgin gaba ɗaya ku raba kuɗin a tsakaninku, ko kuma ka sayi mazauni ɗaya a haɗa ka da baƙin da ba ka sani ba. Akan yi rabin yini, wato kimanin awa 4, ko cikakken yini na awa 8 zuwa 10, kuma wanda ke neman manyan kifaye ba shi da zaɓi sai cikakken yini, domin tafiya da dawowa kaɗai suna cin kaso mai yawa na lokacin.

Dalilin nisan tafiyar yana ƙarƙashin ruwa. Ƙasar da muke takawa ba ta yankewa a bakin teku, tana ci gaba da gangarawa a hankali har zurfin ya kai kimanin mita 200, daga nan sai ta faɗa ƙasa kamar gefen kwazazzabo zuwa zurfin dubban mitoci. A bakin wannan kwazazzabo ruwan ƙasa mai sanyi yake tasowa da abinci, ƙananan kifaye su taru a kansa, manya kuma su biyo su. Matafiyi zai gane an iso idan ruwan ya bar launin kore mai duhu-duhu na kusa da gaɓa ya koma shuɗi kamar an rina shi da baba. A nan ne aikin kyaftin yake farawa: yana duban na'urar da ke nuna zurfi da garken kifi, yana lura da inda zafin ruwa ya sauya, amma har yau babu alamar da ta fi tsuntsaye, domin inda suka taru suna faɗawa ruwa, akwai manyan kifaye a ƙasa da suka koro ƙanana zuwa sama. Ko kututturen ice da ke yawo a kan ruwa ba a wuce shi ba tare da an zagaya shi ba, saboda kifaye suna fakewa a inuwarsa.

Yadda ake kamun ya saɓa da fatsar da muka sani, inda mutum ke zama a bakin gulbi ya jefa ƙugiya ya jira. Jirgin ba ya tsayawa, yana tafiya ne da gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa, yana jan zaruruwa huɗu zuwa shida a bayansa, kowanne da koto, ko na kifin gaske ko na roba mai gashi-gashi da ke tsalle a kan kumfa. Akwai dogayen sanduna biyu da ake buɗewa dama da hagu domin kada zaruruwan su sarƙe. Kowace sandar fatsa tana da ƙwarƙwaron ƙarfe mai ɗauke da zare na ɗaruruwan mitoci, kuma a jikin ƙwarƙwaron akwai birki, wanda shi ne sirrin abin duka. Zaren da ya fi kowanne ƙarfi a wannan wasa yana tsinkewa ne da nauyin kilo 60, alhali kifin yana iya ninka haka sau biyar ko goma. Saboda haka ake saita birkin yadda kifin zai riƙa jan zare yana tafiya da shi da ƙyar, idan ya gaji mai fatsa ya naɗo abin da ya samu, idan ya sake zabura a ƙyale shi. Mai fatsar yana zaune a kujera mai juyawa da aka kafe a bayan jirgi, an ɗaura masa ɗamara da ke haɗe da ƙwarƙwaron domin ƙafafu da baya su ɗauki nauyin maimakon hannuwa, kyaftin kuma yana bin kifin da jirgi, wani lokaci da baya-da-baya, ruwa na watsowa ciki. Kokawar tana iya ƙarewa cikin minti 20, tana kuma iya kai awa uku ko fiye.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne yawancin yinin zama ne da kallon ruwa, kuma akan fita a dawo hannu rabbana ko da ƙwararren kyaftin ne. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a rubuta maka abubuwa uku: ko kuɗin ya haɗa da mai da abinci, da abin da zai faru da kuɗinka idan iska ta hana fita, da kuma wanda zai mallaki kifin da aka kama, domin a wurare da yawa al'ada ta ba jirgi kifin, baƙo kuwa a yanka masa na miya. Ka kuma ware tukwicin yaran jirgi, waɗanda su ne ke yin aikin da ya fi haɗari.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo masunci a Goronyo, wadda ɗansa ya rubuta a madadinsa: "Na haura shekara 50 ina su, na kuma halarci Argungu ba sau ɗaya ba. Yara suna ce mini akwai kifin da ya fi sa nauyi, kuma mutum ɗaya ke kama shi da fatsa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya wuce giwan ruwa ba."

Baba, Allah ya ƙara lafiya. A ruwan daɗi na ƙasarmu maganarka ba ta da gyara, giwan ruwa shi ne sarki. A bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kifin da ya ci gasa a Matan Fada a 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78. Akwai ƙungiyar duniya mai suna IGFA, wadda aka kafa a 1939 kuma hedkwatarta ke jihar Fulorida ta Amurka, ita ce ke riƙe da kundin mafi girman kifin da aka kama da sandar fatsa, kuma giwan ruwan da ke cikin kundinta mai kilo 104 ne, daga tafkin Nasir na Masar a shekarar 2000.

Amma yaran ba su yi maka ƙarya ba. Kifin da suka gani shi ake kira malin, mai dogon baki kamar mashi, wanda yake kutsawa cikin garken kifi yana kaɗa bakin dama da hagu, sannan ya juyo ya haɗiye waɗanda ya sumar. A 1953 wani Ba'amurke mai suna Alfred Glassell ya kama baƙin malin mai kilo 707 a Kabo Bulanko ta ƙasar Peru, kuma har yanzu babu malin da ya fi shi a kundin. A tekun Atilantika, wanda shi ne namu, shuɗin malin mafi girma mai kilo 636 ne, an kama shi a gaɓar Bitoriya ta Burazil a 1992. Idan ka tuna buhun siminti kilo 50 ne, na farkon ya haura buhu 14. Ƙa'idar kundin kuwa mai tsauri ce, domin daga lokacin da kifi ya kama koto ba a yarda wani ya taɓa sanda ko ƙwarƙwaro ko zare ba sai mai fatsar shi kaɗai. Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne duk waɗannan ƙattin mata ne, namijin shuɗin malin da wuya ya wuce kilo 160.

Malin yana da 'yan'uwa. Akwai mai-tuta, wanda ƙayar bayansa ke buɗewa kamar an ɗaga tuta idan yana tara ƙananan kifaye wuri guda. Bai kai malin jiki ba, na Atilantika ba ya wuce kilo sittin da 'yan kai, amma ya fi kowa tsalle, kuma shi ya fi dacewa da sabon shiga. An daɗe ana rubuta cewa yana gudun kilomita 110 a awa, sai dai awon da aka yi a shekarun baya-bayan nan da na'urori ya nuna bai kai rabin haka ba. Akwai mai-takobi, mai faffaɗan baki, wanda ke wuni a zurfin ɗaruruwan mitoci ya taso da dare, kuma Allah ya hore masa wata tsoka da ke ɗumama idanunsa da ƙwaƙwalwarsa domin ya iya gani a cikin sanyi da duhu.

Sai tuna, wanda mu a nan muka fi saninsa a gwangwani har muka ɗauka ɗan ƙaramin kifi ne. Wani nau'insa ya kai kilo 679 a Kanada a 1979, kuma nau'in da ke ruwanmu, mai rawayar ƙaya, yakan haura kilo 100. Tuna ba ya tsalle kamar malin, nutsawa yake yi ya riƙa zagaye a ƙarƙashin jirgi, kuma masu fatsa sun fi jin jiki a hannunsa. Wahu dogo ne siriri mai haƙora kamar aska, don haka ake sa masa waya a gaban ƙugiya, kamar dai yadda tsage ke yanke zare a gulbinmu. Dorado kuwa kore ne da ruwan zinariya, yana girma da sauri, ba ya wuce shekara 4 zuwa 5 a duniya, kuma launinsa yana dusashewa cikin mintuna kaɗan bayan an fito da shi. Ban ga abin raini a wajen mai homa da gora ba, domin shi da jikinsa yake shiga ruwa ya tarar da kifin a gidansa, mai fatsar teku kuwa yana da inji da kyaftin da kujera.

Tambaya ta uku, daga wani malamin Islamiyya a Gidan Igwai: "Na ji cewa bayan duk wannan wahala sakin kifin suke yi ya koma ruwa. Ashe wannan ba wasa da rai ba ne da almubazzaranci?"

Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma fatawa ta malamai ce, mu dai za mu kawo abin da ke ƙasa. Halaccin naman ba shi da gardama: aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinta, hadisin da Imam Malik ya ruwaito ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, a mazhabarmu kuma ba a ware mai ɓawo da marar ɓawo. Sai dai a Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a garin nan ya karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Mutumin da ya fita ba ya nufin ci, ba ya nufin sayarwa ko sadaka, burinsa kawai ya wahalar da kifi ya ɗauki hoto, yana da wuya ya kuɓuta daga wannan jumla.

Masu sakin suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Shuɗin malin ya ragu ƙwarai a Atilantika, kuma babban sanadin shi ne manyan jiragen kasuwanci masu shimfiɗa mamari mai tsawon kilomita gommai da dubban ƙugiyoyi don kama tuna da mai-takobi, malin ya faɗa ciki. Hukumar ICCAT, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1966 kuma ofishinta ke Madarid, ita ke ƙayyade yawan abin da ƙasashe za su kama. Tunda manyan duk mata ne, kowacce kuma tana zuba miliyoyin ƙwai, kashe guda ɗaya don hoto ɓarna ce babba. Don haka jirage da yawa suke amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke maƙalewa a gefen baki maimakon ciki, su jawo kifin gefen jirgi, su soka masa 'yar alama mai lamba a baya, su riƙe shi ruwa na ratsa bakinsa har ya farfaɗo, sannan su sake shi. Idan aka sake kama shi a wani wuri, lambar ce ke nuna wa masana nisan da ya yi, kuma ta wannan hanya aka tabbatar malin yana ƙetare teku daga nahiya zuwa nahiya. Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, domin Sarkin Ruwa na Argungu yana hana su a Matan Fada tsawon shekara saboda kifin ya samu ya girma.

Ra'ayinmu shi ne wanda zai je ya ƙulla niyyar kamo abin ci, tuna ko dorado ko wahu, ya tsaya idan ya sami abin da zai wadaci jirgin da iyalan yaransa, idan kuma malin ya faɗo masa ya gaggauta kokawar ya sake shi. Amfani da siririn zare da gangan don a tsawaita wasan, har kifin ya galabaita ya mutu bayan an sake shi, wannan kam ba mu ga fuskar kare shi ba.

Tambaya ta huɗu, daga wata Hajiya a Runjin Sambo: "Ɗana da ke aiki a Legas ya ce zai bi abokansa. Bai iya iyo ba, ni kuma ina jin labarin 'yan fashin teku, hankalina ya ƙi kwanciya."

Hajiya, fargabarki tana da tushe. A 2020 hukumar da ke ƙididdige fashin teku ta duniya ta lissafa ma'aikatan jirgi 135 da aka sace, 130 daga cikinsu a mashigin tekun Gini, wato ruwanmu. Abin ya ragu sosai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaro da NIMASA, hukumar kula da sufuri da tsaron teku ta Nijeriya, ta ƙaddamar a 2021, kuma ya fi tsanani ta ɓangaren Neja Dalta fiye da Legas, amma kyaftin na gari yakan bincika halin da ake ciki kafin ya fita. Sai dai haɗarin da ya fi kusa da ɗanki shi ne wanda muka sani a gida, wanda ya ci rayuka a Warra ta jihar Kebbi a 2021 da Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari a 2022, wato lodi fiye da kima da rashin rigar hana nutsewa. Ki ce masa ya ga rigar da idonsa, ya gwada ta, ya sa ta tun daga tashar jirgi ko abokai za su yi masa dariya. Ya tambaya ko jirgin na da rajista, da rediyon kiran agaji, da inji biyu, domin inji ɗaya idan ya mutu a nisan kilomita 50 babu gefen titin da za a tura shi, wayar salula kuma ba ta kamawa a can. Ya bar wa wani a gari sunan jirgin da lokacin dawowarsa. Idan an jawo babban kifi kusa da jirgi ya ja baya ya bar wa yaran jirgi, saboda bakin malin ya sha raunata mutane.

Abin da kusan tabbas zai same shi shi ne jiri da amai, wanda ke faruwa saboda kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana ganin ɗakin jirgi a tsaye. Ya yi barci sosai, ya ci abu marar maiƙo, ya zauna a waje yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Citta tana taimaka wa wasu, akwai kuma ƙwayoyin da ake sha kafin a hau, amma suna sa barci, don haka ya tuntuɓi likita. Kada ya ce shi ɗan Sakkwato ne rana ba ta yi masa komai, domin a teku tana dukan mutum daga sama, ruwa kuma ya maido masa da ita daga ƙasa. Salla kuwa yana iya yin ta a jirgin, ya fuskanci alƙibla a tsaye idan zai iya, in ba zai iya ba ya zauna.

Tambaya ta biyar, daga wani ma'aikacin jami'a a Dundaye: "Idan mutum ya tara kuɗi yana son gwadawa sau ɗaya, ina ya fi, kuma yaushe? Zan iya kawo kifin gida?"

Malam, Legas ce mafi sauƙi, kuma ruwanta ya fi kwanciya da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, ko da yake hazon hunturu yakan rage gani. A waje, Senegal da Gana ba sa buƙatar biza ga mai fasfon Nijeriya saboda ECOWAS: Dakar da Sali sun yi suna da mai-tuta a watannin damina, Ada ta Gana kuma, inda kogin Bolta ke shiga teku, da malin. Tsibiran Kef Bade, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar, suna cikin wuraren da suka fi ko'ina shuɗin malin a duniya, musamman daga Afrilu zuwa Yuli a kewayen Mindelo, sai dai tsadarsu ta masu hannu da shuni ce. A gabashin Afirka akwai Malindi da Watamu a Kenya, inda kakar malin ke kamawa daga Disamba zuwa Maris. Sabon shiga ya fara da rabin yini kusa da gaɓa ya ga yadda cikinsa zai karɓi ruwan.

Kawo kifin Sakkwato yana yiwuwa, amma da sharaɗi. Tuna da dorado da wahu dole a zubar da jininsu a binne su cikin ƙanƙara da zarar an fito da su, domin idan suka sha zafi naman yana haifar da wani sinadari da ke sa ƙaiƙayi, jan fuska da ciwon kai, kuma dafuwa ko banda ba sa kashe shi bayan ya samu. Ka daskarar da shi ya yi tauri, ka sa a kula mai kyau, ka tambayi kamfanin jirgin sama ƙa'idarsa tun kafin ka isa filin jirgi. Ta mota kuwa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, gara ka sa a yi maka bandarsa a can tun yana sabo. Babban barakuda, wani dogon kifin teku mai kaifin haƙora, a bar shi, saboda a wasu ruwaye yana tara dafin da wuta ba ta karya shi. Malin da mai-takobi kuma suna tara sinadarin makuri mai guba a jikinsu saboda daɗewa suna cin wasu kifaye, don haka idan akwai mai juna biyu ko mai shayarwa ko ƙananan yara a gidanka, kada a zuba musu.